Layi Ɗaya Da Na Manta Ban Mayar Ba: Saitin Rumbun Bayanai Kafin A Kunna Shi

  

Yau maganar rumbun bayanai za mu yi, wato databes. Na san da yawanmu mun iya gina tebur, mun iya rubuta SQL, manhaja tana tafiya daidai. To amma akwai wani fayil da rumbun yake karantawa a daƙiƙar farko da aka kunna shi, kafin ya saurari kowa. A ciki aka rubuta masa yawan RAM da zai ɗiba, mutum nawa zai bari su shigo, da yadda zai riƙa ajiye abin da aka ba shi. Yawancinmu ba mu taɓa buɗe shi ba. Waɗanda suka buɗe kuma, irina, wani lokacin gara ma da ba su buɗe ba. Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, in ya so darasin ya biyo baya.

Waɗanda suka san Kano ta kudu sun san yankinmu. In ka baro birni ka kama hanyar Zariya, za ka wuce Bagauda, ga dam ɗin Tiga can a ƙasar Bebeji, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. In ka kai Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, nan hanya ta rabu, ɗaya ta yi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa, ta nufi Jos. Ƙasar noma ce, shinkafa da masara. Wata ƙungiyar manoma a wannan yankin, ba zan faɗi suna ba, ita ta kira ni. Tsarinsu mai sauƙi ne: da damina su ba manomi taki da iri bashi, da kaka ya biya da buhunan shanshera. Shekara da shekaru a manyan littattafai suke rubutawa. Suka ce suna son komai ya koma kwamfuta.

Na kawo musu kwamfuta ɗaya mai RAM 8GB, na sa mata Linux, na sa PostgreSQL, na haɗa da ƙaramin UPS. Sai aikin kwashe tsofaffin littattafai. Yara suka buga su a Excel, ni kuma ina lodawa. Lodin yana ta jan ƙafa, ga yamma ta yi, ina so in kama mota kafin dare. Sai na tuna wani saiti da ake ce masa fsync, wanda in ka kashe shi rubutu yana gudu kamar an sako ruwa. Na buga umarnin ALTER SYSTEM, na mayar da fsync off, na sa rumbun ya sake karanta saitinsa. Wallahi aikin da na zaci zai kai ni isha'i, kafin magariba ya ƙare. Na ce a raina, da na gama zan mayar. Aka kira salla, aka kawo abinci, na kama hanya. Ban mayar ba.

Bayan kamar wata biyu abin ya faɗo mini a rai. Na je, na buɗe postgresql.conf, na nemo layin, na ga an rubuta fsync = on. Na ce alhamdulillahi, ashe na mayar. Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa.

Kaka ta zo. Ranar da abin ya faru, layi ne tun daga bakin sikeli har titi, ana auna buhu, magatakarda yana shigarwa. Aka ɗauke wuta. Batirin UPS ɗin ashe zafin bazara ya riga ya cinye shi, ko daƙiƙa biyar bai riƙe ba. Aka tada janareta, kwamfuta ta kunnu, manhaja ta buɗe, amma da an nemi sunan manomi sai ta kawo kuskure, wai shafin kaza a faifai ya lalace. Shugaban ƙungiya ya kira ni, dattijo ne, ya ce: "Injiniya, ɗana, akwatin naka ya ƙi magana, ga mutane a tsaye." Na ce: "Ranka ya daɗe, kar kowa ya taɓa, ga ni nan tafe."

Kafin in gaya muku abin da na tarar, bari mu fahimci mene ne fsync ɗin nan.

Ku ɗauki malamin awo a bakin sikeli. Yana da ɗan littafin aljihu da kuma babban kundi a ofis. Duk buhun da aka auna, a ɗan littafin yake fara rubutawa nan take, sai lokaci zuwa lokaci ya kwashe ya zuba a babban kundi. In wani abu ya katse shi, ba damuwa, zai duba ɗan littafin ya ƙarasa. Haka PostgreSQL yake. Ɗan littafin shi ne WAL, kwashewar kuma ita ce checkpoint, wadda a saitin asali ba ta wuce minti 5 ba a yi ta ba. Shi ya sa rumbun da aka saita daidai, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, in ya tashi sai ya karanta WAL ya gyara kansa.

To amma akwai ɗan aike a tsakani, shi ne Linux ɗin. In rumbun ya ce masa rubuta wannan, sai ya ce na karɓa, alhali a RAM ya riƙe, sai ya ga dama ya sauke a faifai, galibi cikin kamar daƙiƙa 30. RAM kuwa da wuta ta ɗauke ta manta komai. Aikin fsync shi ne rumbun ya tsaya a kan ɗan aiken nan ya ce ban yarda ba sai na ga tawada a takarda. In ka kashe shi, ka ce masa ya yarda da "na riƙe a kai".

Wani zai ce to ai asarar daƙiƙa 30 ce kawai. A'a, a nan mugun abin yake. Abin da ya ɓace shi ne jeri. Rumbun zai iya rubuta cewa ya gama kwashewa zuwa babban kundi, ya saki tsofaffin shafukan ɗan littafin, alhali wasu shafukan kundin ba su sauka ba, wasu sun sauka rabi. Ka ga yanzu kundin ya yage, abin da za a gyara shi da shi kuma babu. Takardun PostgreSQL da kansu sun yi gargaɗi cewa kashe fsync na iya jawo lalacewar da ba ta gyaruwa. Na karanta gargaɗin, na sani, gaggawa ce ta ja ni.

Da na isa, abu na farko da na buga shi ne SHOW fsync. Ya ce off. Gabana ya faɗi. To layin da na gani wata biyu da suka wuce fa? Na sake buɗewa, sai na lura da 'yar alamar # a gabansa. Duk layin da ke da wannan alamar, rumbun ba ya karanta shi, misali ne kawai aka bar maka. Ba nan ma ta tsaya ba. Umarnin ALTER SYSTEM, wanda ya shigo tun sigar 9.4 a 2014, ba a postgresql.conf yake rubutu ba. Wani fayil yake da shi daban mai suna postgresql.auto.conf, kuma shi ake karantawa daga baya, don haka maganarsa ce ke sama. Ko da na cire alamar na rubuta on da hannuna, na biyun zai danne shi. Na duba fayil, ban tambayi rumbun ba. Darasi na farko kenan: kar ka yarda da abin da ka gani a fayil, tambayi rumbun da ke kunne. SHOW zai gaya maka abin da yake aiki da shi, teburin pg_settings kuma zai gaya maka daga wane fayil da wane layi ya samo.

Kwafin ajiya na ƙarshe da muke da shi ya kai mako uku. Na dawo da shi, muka zauna kwana huɗu da magatakarda muna bin kwafin rasit ɗaya bayan ɗaya. Yawanci sun fito. Amma akwai yini guda da littafin rasit ya ƙare, magatakarda ya ce ai kwamfuta tana riƙewa, ya ci gaba da karɓa ba takarda. Cikin mutanen wannan yinin akwai wata dattijuwa, mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gonar marayu. Ta ce buhu shida ta kawo. Kwamfuta ta ce ba ta kawo ko ɗaya ba. Ta dube ni ta ce: "Yaro, ni ban san akwatinku ba, amma Allah ya ga buhunana." Na ce: "Inna, gaskiyarki ce, laifin nawa ne." Allah ya taimaka mai awo da 'yan dako biyu suka shaida, aka rubuta mata. Mutum biyu kuwa har yau ba a daidaita lissafinsu ba, abin da suka faɗa da abin da ke sito bai zo ɗaya ba. Ƙungiya ta yafe, ni kuma na bar musu ragowar kuɗin aikina. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda aka koma kallon magatakarda, bawan Allah, da ido biyu, a kan laifin da ba shi ya yi ba.

To yanzu mu zo kan darasi. Ni yadda nake koya wa yarana, saitunan rumbu kashi uku ne, kuma injin casar shinkafa nake ba su misali, tunda duk wanda ya je Tudun Wada ya san shi. Akwai abin da kake juyawa inji yana tafiya, kamar ƙofar da shanshera ke zuba. Akwai wanda sai ka kashe inji, kamar canza bel ko rariya. Akwai kuma kankaren da aka dasa injin a kai, wanda in ya karkace sai an fasa.

Mu fara da kankare, wato abin da ake yankewa ranar da aka haƙa rumbun da initdb. Babba a nan shi ne tsarin haruffa. Mu Hausawa wannan ya shafe mu kai tsaye, saboda ɓ da ɗ da ƙ da ƴ babu su a tsohon tsarin latin1. MySQL ya daɗe latin1 ne saitinsa na asali, sai a siga ta 8.0 a 2018 ya koma utf8mb4. Shi ya sa a tsofaffin manhajoji za ka ga Ɗahiru ya koma ?ahiru, ko rumbun ya ƙi karɓar sunan gaba ɗaya. Daga nan magatakarda zai fara rubuta wani Dahiru, wani 'Dahiru, mutum ɗaya ya zama uku, bashi ɗaya ya rabu gida uku. A PostgreSQL ka tabbata UTF8 ne tun ranar farko, don rumbun da aka riga aka ƙirƙira ba a canza masa tsarin haruffa, sai dai ka kwashe kaya, ka gina sabo, ka mayar. A wannan ranar ce kuma ya fi sauƙi ka kunna data checksums, wanda ke sa rumbun ya gane shafin da ya lalace da wuri, ya yi ƙara, maimakon ya ba ka lissafin banza kana murna.

Kusa da wannan akwai agogo da kwanan wata. Su ana iya gyara su daga baya, amma abin da aka riga aka shigar a karkace ya shiga. Lokacinmu Africa/Lagos ne, awa ɗaya gaba da UTC. In ka bar shi a UTC, cinikin da aka shigar sha biyu da rabi na dare zai faɗa lissafin jiya. Sai datestyle. In kwamfutar da saitin Amurka ta zo, wata take sa wa a gaba. Ka rubuta 03/04 kana nufin 3 ga Afrilu, ita ta karanta 4 ga Maris. Mayar da shi dmy, ko mafi kyau manhajarka ta riƙa aiko da shekara, wata, rana.

Kashi na biyu, waɗanda sai an kashe an kunna. Na farko shared_buffers, wato filin da rumbun ke keɓe wa kansa a RAM. Yana zuwa da 128MB, don ya iya tashi a kan kowace irin kwamfuta. Shawarar da masu shi suka bayar ita ce ka fara da kashi 25 cikin 100 na RAM in kwamfutar tasa ce shi kaɗai. A 8GB, 2GB kenan. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a ofisoshinmu wannan kwamfutar ita ce ta buga wasiƙa, ita ce ta shiga intanet. In haka ne, 1GB ya isa. Na biyu max_connections, yana zuwa da 100. Ofishin da mutum biyar ke aiki me zai yi da 100? Kowace mahaɗa tana da nata cin RAM ɗin. Ni 20 ko 30 nake sawa. Na uku listen_addresses, wanda yake zuwa a localhost, ma'ana kwamfutar kaɗai ke iya magana da shi. In za ka buɗe wa sauran kwamfutocin ofis ta ƙofar 5432, to ka je pg_hba.conf ka faɗi su wa ka yarda da su, ka sa scram-sha-256. Kar ka rubuta trust don gudun wahala, trust nufinsa kowa ya shigo ba kalmar sirri.

Kashi na uku, waɗanda ake juyawa inji na tafiya, sai dai a ce ya sake karanta fayil. A nan work_mem yake, kuma yana yaudarar mutane. Yana zuwa da 4MB. Mutum ya ga rahoto yana jinkiri sai ya mayar da shi 64MB. To wannan adadin na kowane aikin jerawa ne guda ɗaya, kuma tambaya ɗaya tana iya yin jerawa biyu ko uku. Yi lissafi: 64 sau 100, 6,400MB kenan, a kan kwamfuta mai 8GB da ka riga ka yanke wa 2GB. Ranar da aiki ya yi yawa RAM za ta cika, Linux ya zaɓi wani ya kashe, kuma sau da yawa rumbun ne. Shi ma fsync a wannan kashin yake, shi ya sa kashe shi bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Wani zai tambaya, to in lodi yana jinkiri fa, ya zan yi? Akwai hanyoyi masu aminci. Yi amfani da COPY maimakon shigar da layi ɗaya ɗaya. Haɗa layuka da yawa a ma'amala guda. In ya zama dole, akwai synchronous_commit, wanda za ka iya kashewa a zaman lodin kaɗai. Shi in wuta ta ɗauke, abin da za ka rasa bai kai na daƙiƙa ɗaya ba, kuma kundin ba ya yagewa. Amma fsync da full_page_writes, a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, ka ɗauka ba ka san da su ba.

Masu MySQL da MariaDB, kar ku ce ba ruwanku. Naku fayil ɗin my.cnf ne, ko my.ini a Windows. Filin RAM ɗinku innodb_buffer_pool_size, shi ma 128MB yake zuwa. Ɗan'uwan maganar da muka yi shi ne innodb_flush_log_at_trx_commit, a bar shi a 1. Kuma MySQL 8.0 yana da irin tarkon da na faɗa, don SET PERSIST a wani fayil daban yake rubutu, mysqld-auto.cnf. Masu Oracle ma sun san pfile da spfile, sun san rumbun ba ya ko kaiwa matakin nomount sai ya karanta ɗayansu. Suna ne ya bambanta.

Ga abin da nake yi yanzu duk inda na je. Kafin in taɓa fayil sai na yi kwafinsa na sa kwanan wata. Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, in rubuta dalili a gefensa. Kafin in kashe in kunna sai na duba pg_file_settings, don harafi ɗaya in ya karkace rumbun zai ƙi tashi, kuma ba ka so ka gano haka ranar kasuwa. Ina tabbatarwa rumbun yana tashi da kansa in kwamfuta ta kunnu, don ba kullum nake kusa ba. Kwafin ajiya da pg_dump kullum da yamma, a filas biyu, ɗaya ya kwana a wani gida, kuma duk wata sai na gwada dawo da shi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne. Batirin UPS ina gwada shi kafin kaka. Na ƙarshe, kafin in miƙa aiki, ina sa bayanan gwaji, in sa ana rubutu, in zare waya daga bango da hannuna. In ya tashi lafiya, to. In bai tashi ba, gara ya mutu a gabana da ya mutu a gaban layin manoma.

Littafin rasit kuwa, na roƙi shugaba kar a daina. Yanzu guda biyu suke ajiyewa a durowa.

Aikin gida na wannan makon: duk mai rumbu a hannunsa, ko na makaranta ne, ko na kemis, ko na shagon taki, ya je ya buga SHOW fsync, SHOW server_encoding, da SHOW timezone. Minti biyu ne. In ka ga off a na farko, mayar da shi on, sannan ka kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace ka kunna, don abin da ke RAM ya sauka a faifai, ka kuma ɗauki kwafi a ranar.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan kwafin ajiya shi kaɗai, yadda ake sa shi ya riƙa yin kansa ko an manta. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mu daga cin haƙƙin wani ko da bisa kuskure ne.